Ramin Taƙi Ɗaya a Adelaide

Tun da Sakiusa ya sauka Adelaide daga tsibirinsa na Kadavu, bai taka titi da son ransa ba. Daga ɗaki sai ɗan lambun da ke jikin gidan 'yarsa Salanieta, inda zai kafa kujera ya zauna yana kallon danga, maƙwabcinsu Mista Kovac kuma yana kallonsa ta saman dangar. Shi wannan Kovac tsohon mai gyaran famfo ne da ya ajiye aiki bai ajiye sa ido ba, ko shara ka fitar a ranar da ba tata ba sai ya faɗa maka.

Salanieta ta ɗauka sanyi ne ya hana babanta fita, sai ta saya masa rigar ulu. Daga baya ta ɗauka kewar mamarta ce, wadda ta rasu bara, wadda kuma aka mayar wa jaririyar da ya zo gani sunanta, Unaisi. Duk ba haka ba ne. Mu mutanen Fiji, baƙo ba ya faɗowa gari ya kama yawo kamar akuyar da ta tsinke. Sai ya kai saiwar kava, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a taron girma, gaban masu ƙasa, ya zauna a ƙasa, ya faɗi sunansa da na garinsu da abin da ya kawo shi, su ɗora hannu a kai, sannan ƙafarsa ta halatta. Sevusevu ke nan, kuma Sakiusa ya zo da tasa, busasshiyar saiwa mai kyau da ya shuka da hannunsa, a naɗe cikin jarida. Ma'aikatan filin jirgi sun jujjuya ta sun mayar masa. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ba.

Ya tambayi 'yarsa gidan mai gari, ta yi dariya ta ce nan ba Kadavu ba ne, bizarsa ita ce sallamarsa. Ya ce biza takarda ce, ba ta da hannun karɓar kava. Ya tambayi faston cocinsu, fasto ya yi masa addu'a mai tsawo ya sallame shi.

Da abin ya tsaya a kansa shi kaɗai, da ya haƙura ya ƙare hutunsa a kan kujera. Amma akwai cibiyar jaririyar, wadda suke kira Una. Ta bushe ta faɗi, tana cikin wata 'yar kwalba a aljihun rigarsa, kuma cibiya ba a barinta tana yawo a cikin gida. Binne ta ake yi a dasa itace a kai, in ba haka ba yaro ya tashi yana bincike-bincike, hankalinsa bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Shi ya so ya koma da ita Kadavu, ya sa ta gindin kwakwa kusa da ta uwarta. Salanieta ta ce sam, a nan yarinyar za ta tashi, a nan za ta yi makaranta, ba za a kafa ta a tsibirin da sai ta hau jirgi biyu da kwalekwale za ta gani ba. Mijinta yana can arewa wurin haƙar ma'adinai, da aka kira shi ya ce duk abin da suka yanke daidai ne, irin amsar mazan da ke son zaman lafiya. Uba da 'ya suka yi ta ja, har Sakiusa ya sakar mata.

"Na yarda, Maman Una," ya ce, don tun da ta haihu bai ƙara kiran sunanta ba. "Amma ba zan haƙa ƙasar mutane kamar ɓarawo ba. In ban ga masu ita ba, da cibiyar nan zan hau jirgi."

Jirgin kuwa jibi ne. Ta riga ta sayo ɗan dashen lemun tsami, tunda kwakwa ba ta yi a sanyin nan, ga shi a tukunya yana jira. Ta san halin babanta, in ya faɗi abu ya zauna, kuma ta san in ya tafi da kwalbar nan za ta daɗe ba ta yafe masa ba.

Shi ya sa ta yi mamaki da ya amince da yawon gari. Tun kafin ya zo ta yi musu rajistar irin zagayen nan na ƙafa da ake yi wa baƙi, jagora a gaba yana bayani. Da ta tuna masa, ba ta sa rai ba, sai dai ta ce ai jagoran ya san kowane lungu da tarihin kowane dutse. Sakiusa ya ɗaga kai. Wanda ya san kowane lungu ai ba zai rasa sanin gidan masu ƙasa ba. Da safe ya ɗaura zanensa mai aljihu na zuwa coci, ya sa kwat, ya cusa ƙunshin jarida a ƙarƙashinta, ita kuma ta goya Una a ƙirji ba ta lura da tudun da ke hammatarsa ba.

A dandalin tsakiyar gari aka taru, gefen maɓuɓɓugar ruwa. Jagoran sunansa Hamish, mai jan gemu da fara'a, yana riƙe da lema ruwan ɗorawa don kada a ɓace masa. Akwai wasu mata biyu ya da ƙanwa daga Koriya, tsofaffin malaman makaranta, da wani dogo mai kyamara wanda tun ba a fara ba yake duba agogo, da wasu kaɗan. Hamish ya gyara murya, kafin komai ya ce suna tsaye ne a ƙasar mutanen Kaurna, 'yan asalin wurin, yana girmama dattawansu na da da na yanzu. A guje ya faɗe shi, kamar mai karanta bayan kwalin magani, yana shirin shiga labarin mutum-mutumin sarauniya.

Sakiusa kuwa ya kasa kunne. A wurinmu wanda ya tsaya gaban jama'a ya ambaci masu ƙasa da dattawansu, to kakakinsu ne, ta bakinsa ake isa gare su. Bai yi shawara da kowa ba. Ya cire hula, ya zube a kan dutsen dandali mai sanyi, ya tanƙwashe ƙafa, ya fito da ƙunshin ya riƙe da hannu biyu, ya fara jawabi da harshen Fiji, kai a sunkuye.

Jirgin ƙasa na cikin gari ya wuce yana kaɗa ƙararrawa. Masu wucewa suka tsaya, wasu suka ɗaga waya. Hamish ya rasa inda zai sa lemarsa, ya duba ko tsohon jiri ne ya ɗebe shi, daga ƙarshe ya tsuguna. Da Salanieta ta yi masa bayani a gurguje, fuskarsa ta yi ja har ta kamo gemunsa. Ya ce shi kakanninsa daga Sikotlan suka zo a jirgin ruwa, ba shi da ko taƙi a ƙasar nan da zai ba wani izini. Maganar da ya yi kuwa kowa yana faɗinta, a makaranta, a asibiti, a filin ƙwallo.

"Baba, don Allah tashi," Salanieta ta ce a hankali. "Ana ɗaukar ka a waya."

Ya tashi, kuma tashin ya fi zaman wuya, don gwiwoyinsa ba na jiya ba ne. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro. Ya mayar da kava cikin kwat ya bi ayari.

Kada wani ya tambayi Sakiusa abin da ke tsakanin dandalin nan da babbar kasuwa, don takalmansa kawai ya gani. Hamish yana nuna coci-coci da tsofaffin gine-gine, shi kuwa idonsa a ƙasa, don wanda bai yi sallama ba ba ya ƙare wa gidan mutane kallo. A kasuwa aka zagaya da faranti na ɗanɗano, cuku da zaitun da tsiran alade, ya ce ya ƙoshi. Yayar matan Koriya ta tura masa tsinken cuku har bakinsa, ya yi mata murmushi ya girgiza kai. Salanieta tana gefe tana jijjiga Una, ita da shi kuma kowannensu ya san abin da ke cikin aljihun rigar.

Da suka fito, Hamish ya bar mutane suna ɗaukar hoton wani zane a bango, ya rage tafiya ya jera da Sakiusa. Ya ba shi haƙuri, sannan ya tambaya mene ne ainihin abin da yake nema. Sakiusa ba mai yawan bayani ba ne. Ya ciro 'yar kwalbar ya nuna masa, ya nuna jaririyar, ya ce rami yake so ya haƙa, gobe kuma zai tafi.

Hamish ya murza gemu. Can ya ce akwai wasu mata da ke zama bakin kogi irin wannan rana suna saƙar kwanduna, babbarsu wata Anti Glenda ce, ya ji an ce ita ake kira ta yi wa manyan baƙi maraba. Ya ce wani lokaci yakan bi da mutane ta kan gada ya nuna su daga sama.

"Da me kake nuna su?" Sakiusa ya tambaya.

Hamish ya kalli lemar da ke hannunsa.

"Ka taɓa sauka ka gaishe ta?"

"Ban taɓa ba, Kawu."

"To yau ka samu rakiya."

Sai dai kogi ba ya cikin zagayen ranar. An tsara a ƙare a titin gidajen tarihi, inda gumakan tagulla suke jere. Hamish ya tara jama'a ya faɗa musu gaskiya, ya ce shi dai zuciyarsa tana kogi amma zagayen nasu ne. Dogon mai kyamara ya ce shi don gumakan nan ya zo, kuma hasken rana zai juya. Yayar matan Koriya ta dube shi daga sama har ƙasa, irin kallon da ta shekara tana yi wa yaran da ba su yi aikin gida ba, ta ce gumaka ba za su gudu ba, jirgin dattijo kuwa zai tashi. Ta kama hannun ƙanwarta suka yi gaba, ko hanyar ba su sani ba, dole Hamish ya ruga ya wuce su da lema.

Tafiyar ta yi wa Sakiusa nisa, gangaren kuma ya ci gwiwarsa, amma bai nemi a tsaya ba. Can ƙarƙashin manyan bishiyoyin turare suka hango su, mata a kan kujerun naɗewa, ciyawar saƙa jiƙe a bokiti, ga butar shayi. Wadda ke tsakiya, Anti Glenda, ta rufe ƙafafunta da bargo, ta sa hular ulu ta wata ƙungiyar ƙwallo, yatsunta suna ta aiki ba ta ko kallonsu.

A nan jagoranci ya canja hannu ba tare da an yi magana ba. Sakiusa ya tsayar da ayari nesa kaɗan. Ya ce sevusevu ba a yin ta mutum ɗaya tilo kamar maraya, sai da jama'a a baya, kuma yau su ne jama'arsa. Ya sa aka cire huluna da baƙaƙen tabarau, aka sauke jakunkuna daga kafaɗa, ya koya musu tafin hannu a lanƙwashe mai amo mai zurfi, ba irin na gidan rawa ba. Ya ce wa Hamish ya naɗe lemar nan ya ajiye. Dogon ya tambaya ko zai iya ɗaukar hoto, aka ce masa ya zauna.

Sai ya juya wurin 'yarsa. Jawabin da harshen Fiji ake yinsa, dole wani ya fassara, kuma wandon jins ne a jikinta. Ya buɗe baki zai ce ta bari shi zai lallaɓa da Turancinsa, sai ya ga tana warware babban gyalen da ke wuyanta. Ta miƙa wa ƙanwar 'yar Koriya jaririyar, ta ɗaura gyalen a ƙugu ya sauka har idon sawu, ta karɓi 'yarta.

"Mu je, Baba. Amma ka taƙaita, na san ka."

Suka matsa a sunkuye, suka zube a kan ciyawa mai raɓa a gaban kujerar Anti Glenda, baƙi na ƙasashe daban-daban a bayansu sun tanƙwashe ƙafa iya iyawarsu. Matan suka daina saƙa. Anti Glenda ta leƙo ta saman tabarau, ta fara da Hamish.

"Kai ne mai lemar nan ta kan gada. Yau ƙafarka ta gano hanya?"

Hamish ya ce ta gano, Anti. Ta mayar da ido kan Sakiusa da ƙunshin jaridarsa, ta ce in sayarwa yake yi ba sa saye, in kuma wa'azi ne sun riga sun ji.

Sakiusa ya yi tafi ya fara. Ya faɗi sunansa da na ubansa, da ƙauyensu da tsibirinsu. Ya roƙi gafara a kan ya kwana ya tashi a ƙasarsu, ya sha ruwanta, bai zo ya gaishe su ba, don bai san ƙofa ba. Salanieta tana bin sa da Turanci, da farko muryarta ƙasa-ƙasa, tana tsoron ta manta manyan kalmomin nan na dattawa, sai ta ga suna zuwa mata da kansu. Bai taƙaita ba. Da ya iso kan cibiya ya ajiye kwalbar kusa da kava, ita kuma ta ɗaga Una don a gan ta.

Anti Glenda ta ajiye kwandon da take saƙawa. Ta ce ya sani fa ita ba sarauniya ba ce, ba su da sarki irin nasu, ita dai kakar kakarta a bakin kogin nan ta yi wanka, kuma tana cikin waɗanda ke da bakin yi wa baƙo maraba. Sannan ta tambaya fili nawa yake nema, don in mai yawa ne an riga an kwashe.

Sakiusa ya buɗe hannunsa, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Taƙi ɗaya.

Ta yi dariya har hularta ta karkace, sauran matan suka taya ta. Sai dariyar ta yanke, ta cire tabarau ta goge ido da bakin bargo.

"An haƙa ƙasar nan an sa bututu, an haƙa an sa layin dogo, an haƙa an dasa benaye," ta ce. "Na tsufa ina kallo, ba wanda ya zo ya zauna a gabana ya tambaya. Sai kai, da ka tsallako teku saboda ramin taƙi ɗaya. Ku ba ni yarinyar."

Ta karɓi Una ta yi mata magana a kunne da harshensu, kalmomin da ba wanda ya fassara kuma ba wanda ya nema. Ta ce tana da sharaɗi, idan yarinyar ta yi wayo a kawo ta nan ta koyi saƙa, ta san sunan kogin da na mutanensa. Salanieta ba ta jira babanta ba ta ce ta ɗauki alkawari. Anti Glenda ta dubi ƙunshin ta tambayi me ake yi da shi, don ita likita ya hana ta komai mai daɗi. Salanieta ta ce hannu kawai za ta ɗora.

Ta sunkuyo ta ɗora tafinta a kan saiwar.

"Ka haƙa, ɗan'uwana. Kai da naka, sannunku da zuwa."

Sakiusa ya yi tafi, bayansa kuma tafi ya tashi, mai zurfi kamar ana buga turmi, har baƙaƙen agwagin kogi suka matsa. Dogon mai kyamara ya fi kowa ƙarfin hannu. Daɗi ya cika Sakiusa. Anti Glenda ta zare saiwar ta miƙa wa matar da ke kusa da ita, ta sa aka ɗebo mata ƙasar bakin kogi ta zuba a jaridar ta naɗe, ta miƙa masa ta ce ya haɗa cibiyar da wannan, kada ya koma da takarda fayau.

Da suka hau gada, Sakiusa ya tsaya ya ɗaga kai. Ga hasumiyar coci, ga filin wasa mai farin rufi, ga duwatsu can nesa, ashe gari ne mai kyau. Ya dafa Hamish ya ce ya buɗe lemarsa a koma farko, don shi bai ga komai ba. Hamish ya ce zagayen ya ƙare, Sakiusa ya ce nasa yanzu ya fara. Aka biya wa dogon ta wurin gumakansa, aka koma kasuwa, inda Sakiusa ya nemi benci ya zauna ya cinye farantin ɗanɗano shi kaɗai, yayar matan Koriya tana ƙaro masa.

Da la'asar ya cire kwat ya ɗauki shebur. Ya zaɓi kusurwar da rana ke fara taɓawa, ya auna da hannunsa ya haƙa. Ya zuba ƙasar kogi a ƙasan ramin, Salanieta ta durƙusa ta juye cibiyar da hannunta, suka sa dashen lemun suka yi addu'a. Una ta yi barcinta ba ta san an kafa ta ba.

Yana cikin danna ƙasa da tafin hannu sai ga kan Mista Kovac ta saman danga. Ya daɗe yana kallo, abin ya ci shi. Ya ce a garin nan ba a haƙa haka kawai, akwai bututu, akwai waya, akwai doka.

"Ka nemi izini kuwa kafin ka sa shebur?"

Sakiusa ya miƙe a hankali, ya karkaɗe hannunsa a zane, ya dubi maƙwabcin ido cikin ido, karo na farko tun zuwansa.

"Na nema," ya ce. "An ba ni."